Babi na Bakwai: Abin da Ke Sa Allurar Ciwon Hanta Ta Kama

Daga cikin tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban aikin jinya, da ma'aikatan ɗakin gwajin jini, da matar da aka sami mijinta ɗauke da ciwon hanta aka umarce ta da yin rigakafi, akwai wannan: ƙaƙa mutum zai jure zirga-zirgar wata shida, a yi masa allura uku cif bai tsallake ko ɗaya ba, sa'an nan a ɗebi jininsa a auna, likita ya dubi takarda ya ce masa allurar ba ta kama ba? Wanda aka gaya wa haka yakan fara da zargin maganin, ya ce ko jabu ne ko ya lalace a hanya. In kuwa aka tabbatar masa cewa abokan karatunsa da aka yi wa daga kwali ɗaya duk tasu ta kama, sai zargin ya koma kan jikinsa, ya shiga zullumin ko wata cuta ce ke cin sa a ɓoye. Tambayar ta cancanci a amsa ta a tsanake, domin ita ce mas'alar da ta shagaltar da masanan rigakafi tun ranar da aka fara wannan allura har zuwa yau.

Ma'anar kamawa

Idan aka yi wa mutum allurar rigakafi, jikinsa yakan ƙera waɗansu makamai na furotin masu yawo cikin jini, kowanne daidai da siffar abu guda, ba ya kama kome sai shi, su ne likitoci ke kira antibodi. Bayan allura ta ƙarshe da wata ɗaya zuwa biyu akan auna yawansu, in ya kai ma'auni 10 a kowace mililita ta jini, masana sun yi ittifaƙi a kan cewa mutum ya sami kariya daga ciwon hanta nau'in B, in bai kai ba sai a ce ba ta kama ba. A jarirai da yara masu lafiya takan kama fiye da 95 cikin 100. A manya waɗanda ba su kai shekara 40 ba takan kama fiye da 90, daga nan sai ta shiga ja da baya sannu a hankali, har ya zamana a 'yan shekara 60 kimanin uku cikin huɗu kaɗai take kamawa.

Amma akwai mutum biyu da akan lissafa cikin waɗanda ba ta kama ba alhali kuwa ba sa cikinsu. Na farko shi ne wanda aka yi wa allura yana yaro, bai auna jini ba sai bayan shekara ashirin, aka tarar makaman sun ragu ƙasa da 10. Wannan galibi yana nan da kariyarsa, saboda jiki yakan ajiye waɗansu ƙwayoyi masu hadda, waɗanda ba su manta siffar da aka nuna musu ba, ita kuwa wannan cuta takan yi wata ɗaya zuwa shida kafin ta bayyana, lokacin da ya ishi masu haddar su farka su cika jini da makamai. A Alaska an bi diddigin mutanen da aka yi wa allura a 1981 har shekara 30, aka tarar kimanin 90 cikin 100 suna da alamar kariya. Na biyu shi ne wanda tun kafin allurar yana ɗauke da cutar bai sani ba, jikinsa ya saba da ita tun ƙuruciya har ya daina ganin ta baƙuwa. Irin wannan ko an yi masa allura goma ba za ta kama ba. A Nijeriya, inda babban binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a jinin 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wajibi ne duk wanda aka ce tasa ba ta kama ba a fara duba ko yana da cutar, kafin a shiga neman wani dalili.

Riga ba mai ita

Kamar yadda ya gabata a babin da ya wuce, wannan ƙwayar cuta tana da riga ta furotin da take lulluɓe da ita, kuma tana da wata ɗabi'a mai ban mamaki, watau takan sa hanta ta ɗinka riguna fiye da buƙata nesa ba kusa ba, har jinin mai cutar ya cika da riguna fanko waɗanda ba kome a cikinsu, yawansu ya ninka na cikakkun ƙwayoyin sau dubbai. Su ne Baruch Blumberg ya ci karo da su a tsakiyar shekarun 1960 cikin jinin wani ɗan asalin Ostareliya, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1976. Daga irin waɗannan riguna Maurice Hilleman ya haɗa allura ta farko da aka ba izini a Amurka a 1981, yana tace su daga jinin masu cutar, yana bi da su ta matakai uku na kashe duk wani abu mai rai. Allurar ta yi aiki, sai dai tana da tsada, jinin da ake samu bai wadatar ba, sa'an nan ta fito a shekarar da aka fara ganin cutar ƙanjamau, mutane suka tsorata da duk abin da aka ce daga jinin wani ya fito, ko da yake hanyar tacewar ta kashe wannan ƙwayar ma.

Mafita ta zo daga yis, wannan dai da ake kwaɓa burodi da shi. A 1982 Pablo Valenzuela, mutumin ƙasar Chile, da William Rutter na San Francisco, da Benjamin Hall na Seattle, suka yanko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ɗinka rigar, suka dasa ta cikin yis, sai yis ya shiga ɗinka rigar kamar tasa ce, furotin ɗin kuma ya riƙa haɗa kansa da kansa yana zama 'yan dunƙule masu faɗin nanomita 22, kwatankwacin waɗanda ke cikin jini. Wanda yake son ya san ƙanƙantarsu, to nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. A 1986 aka ba wannan allura izini, ta zama allurar rigakafi ta farko da aka yi wa ɗan Adam ta hanyar dashen ƙwayar gado, kuma irinta ce ake yi wa jariranmu yau.

Fa'idar wannan hanya ita ce tsarki, domin ba jini a ciki, ba ƙwayar cuta rayayya ko matacciya, sai riga tsura, ba yadda za a yi ta sa wa mutum ciwon hanta. To, a cikin wannan tsarkin illar take. A ɗauka sarkin wani gari ya sami rigar wani gawurtaccen ɓarawo, yana so dogarai su shaida ta domin duk ranar da mai ita ya shigo su cafke shi. In ya sa aka rataye ta a ƙofar fada shiru, wankakkiya gogaggiya, dogarai za su wuce ta kamar kowace riga, waɗansu su lura waɗansu ba za su lura ba. In kuwa aka fito da ita ana kururuwa, an buga gangami, mata suna ihu a bayan katanga, babu dogarin da zai manta launinta da ɗinkinta har ya mutu. Tsofaffin allurai da ake yi da ƙwayar cuta sukutum sukan zo da kururuwarsu, shi ya sa suke kamawa da ƙarfi, shi ya sa kuma suke sa zazzaɓi. Rigar da yis ya ɗinka kuwa bebiya ce, sai an nemo mata mai yin kururuwa.

Dawakan Ramon da alif ɗin Glenny

Mai yin kururuwar, wanda masana ke kira mataimaki, an san shi shekara sittin kafin rigar yis, kuma bisa tsautsayi aka same shi. Gaston Ramon likitan dabbobi ne a Cibiyar Pasteur ta Faransa, aikinsa shi ne yi wa dawakai allurar dafin mashaƙo wanda aka kashe wa kaifi, domin a ɗebi makaman da jininsu ya ƙera a yi wa yara magani. Ya lura cewa dokin da wurin allurarsa ya kumbura ya tara mugunya ya fi sauran ba da makamai masu yawa, sai ya ce bari ya jawo kumburin da gangan, ya riƙa gauraya allurar da sitacin rogo da ɓarɓashin burodi da makamantansu, a 1925 ya bayyana cewa lalle suna ƙara ƙarfin amsawar jiki. Bayan shekara ɗaya, a Landan, Alexander Glenny yana ƙoƙarin tace wannan dafin da alif, irin wanda matanmu ke jefawa cikin randar ruwan rafi ya kwantar da laka, sai ya tarar abin da ya kwanta tare da alif ya fi tataccen dafin tayar da garkuwar ɓerayen Masar da yake gwaji da su. Tun daga 1926 gishirin alminiyam, dangin alif, ya zama mataimakin yawancin alluran duniya, ya yi shekara kusan saba'in ba shi da kishiya. Shi ne farin abin da ke kwantawa a gindin kwalbar allurar ciwon hanta, wanda ma'aikaciya ke girgizawa kafin ta zuƙa, kuma abin da ke cikin allurar babba bai wuce rabin miligiram ba.

An daɗe ana karantar da cewa hikimar alif ita ce riƙe rigar a wurin allura yana sakinta kaɗan kaɗan. Da aka zo aka yanke wurin allurar daga jikin ɓeraye jim kaɗan bayan yin ta, aka ga makamansu ba su ragu ba, sai wannan bayani ya raunana, aka koma ga cewa alif yana ɗan ƙuntata wa naman wurin ne, naman ya yi kuka, ƙwayoyin tsaro su taru. Ciwon damtse na kwana ɗaya ko biyu da mutane ke ƙorafi a kansa daga nan yake, ko da yake rashin jin ciwon ba hujja ba ce ta cewa allura ba ta kama ba.

Wanda ya fara tsayawa ya tambayi dalilin wannan duka shi ne Charles Janeway na Jami'ar Yale. A 1989 ya tuhumi 'yan'uwansa masana da cewa suna koyar da ɗalibai wai jiki yana yaƙar duk abin da yake baƙo, alhali kowannensu ya san in ya yi wa ɓera allurar tataccen furotin ba abin da ke faruwa sai ya gauraya shi da ƙazanta. Ya yi ƙiyasi cewa lalle jiki yana da waɗansu kunnuwa da aka halicce shi da su, masu jin alamomin da ƙwayoyin cuta kaɗai ke da su, kuma sai sun ji sa'an nan ake ba da izinin yaƙi. Ba a daɗe ba aka same su. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Strasbourg suka ga ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa wata ƙwayar gado mai suna Toll funfuna tana cinye shi. A 1998 Bruce Beutler a Dallas ya nuna cewa 'yar'uwar wannan ƙwayar gado ce ke sa ɓera ya ji dafin bangon bakteriya. Ɗan Adam yana da irin waɗannan kunnuwa guda 10, kowanne da abin da yake saurare. Hoffmann da Beutler sun sami Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman, wanda ajali ya riske shi kwana uku kafin sanarwar, shi ne kuwa ya gano, a 1973, waɗansu ƙwayoyi masu rassa da ke zaune cikin fata da nama suna tsaro.

Da wannan sai silsilar ta haɗu. Ƙwaya mai rassa takan haɗiye rigar a wurin allura, in kunnuwanta sun ji kururuwa sai ta tashi ta nufi kaluluwar hammata, ta yayyanka rigar ƙyalle ƙyalle, ta ɗora kowane ƙyalle a kan wani faifai na furotin da ake kira HLA, ta nuna wa ƙwayoyin tsaro da ake kira T, su kuma su ba waɗanda ake kira B izinin ƙera makamai da ajiye masu hadda. In ba ta ji kome ba takan nuna rigar a sanyaye, ko ma ba ta tashi ba sam.

Masu nauyin amsawa

Daga wannan silsila mai karatu zai iya gane inda akan sami tangarɗa. Faifan HLA gadonsa ake yi daga uwa da uba, kuma ba iri ɗaya ba ne a wurin kowa. Akwai irin da ƙyallen wannan riga ba ya zama a kansa da kyau, kamar yadda masu bincike a Boston suka nuna a 1989. Mai irin wannan faifai lafiyarsa lau, garkuwarsa tana amsa sauran allurai, wannan ce kawai ta zo masa a karkace, saboda haka ɗalibin da muka fara da shi ya kwantar da hankalinsa. Tsufa yana rage sababbin ƙwayoyin T. Ƙiba da shan taba da ciwon suga kowanne yana dusashe amsawa, maza kuma sun fi mata nauyinta. Mafi wahala su ne masu cutar ƙanjamau, wadda ƙwayoyin T ɗin take ci, da masu wankin ƙoda, waɗanda kuma su suka fi kowa buƙatar kariya, tun da jininsu yana bi ta cikin na'ura sau biyu ko uku kowane mako.

Kafin a ɗora laifi a kan jiki, ya kamata a duba hannun mai allura da firjinsa, domin a ganina yawancin abin da za a iya gyarawa a ƙasashenmu a nan yake. A tsakiyar shekarun 1980 aka lura a asibitocin Amurka cewa ma'aikatan da aka yi wa allurar a ɗuwawu ba ta kama su kamar waɗanda aka yi wa a damtse, saboda a ɗuwawu allura takan tsaya cikin kitse ba ta kai tsoka ba. Hukuncin da aka yanke tun lokacin shi ne damtse ga babba, gefen cinya ga jariri, mai jiki kuma a nemo masa doguwar allura. Mu kuwa mun saba da cewa allura a ɗuwawu ake yin ta, har majiyyaci yakan juya baya tun ba a ce masa ba, wadda aka yi a nan kuwa ba a lissafa ta, sai a sake. Sai kuma sanyi. Kowa yana tsoron zafin Sakkwato da Agadas ya lalata magani, amma wannan allura ta fi jure zafi a kan ƙanƙara. Wurin ajiyarta tsakanin digiri 2 da 8 ne, in ta daskare sau ɗaya alif ɗin ya dunƙule ke nan, ƙarfinta ya tafi, narkewa ba ta dawo da shi. Kwalbar da aka jingina da ƙanƙara cikin akwatin sanyi a hanyar ƙauye tana iya isa da kamanninta daidai alhali ta mutu. Ma'aikatan rigakafi suna da gwajin girgiza domin wannan: a girgiza kwalbar da ake shakka tare da wadda aka daskarar da gangan, a ajiye su a duba, wadda ta taɓa daskarewa takan yi gudaji ta kwanta da sauri.

In an tabbatar ba ɗayan waɗannan, dabara ta farko ita ce maimaitawa, a sake allura uku daga farko, kuma kusan rabi ko fiye na waɗanda ba ta kama ba da fari takan kama su a zagaye na biyu. Masu wankin ƙoda akan ninka musu, maikirogiram 40 maimakon 20, allura huɗu maimakon uku, a riƙa auna su kowace shekara ana ƙara musu in makaman sun sauka. Abin da ya fi kuwa shi ne a yi musu tun ƙodar ba ta kai ga wanki ba. Waɗansu likitoci sun jarraba yin ta cikin fata maimakon tsoka, tun da fata cike take da ƙwayoyi masu rassa, an kuwa ga fa'ida, sai dai tana son gwanin hannu.

Sababbin masu kururuwa

Da aka san kunnuwan, sai ijtihadi ya koma ga ƙera abin da kowane kunne ke ji. Na farko da ya shiga allurar ciwon hanta an samo shi daga dafin bangon bakteriya, wanda asalinsa yana iya kashe mutum da zazzaɓi. Edgar Ribi, a jihar Montana, ya riga ya sami hanyar datse masa kaifi ya bar masa murya, aka kira abin da ya rage MPL. Aka haɗa shi da gishirin alminiyam cikin allura mai suna Fendrix, wadda Turai ta ba izini a 2005 domin masu ciwon ƙoda.

Na biyu ya fi ban sha'awa. A 1995 Arthur Krieg na Jami'ar Iowa ya gano cewa akwai wani jerin haruffan gado biyu, C da G, wanda ya yawaita a DNA ɗin bakteriya a buɗe, a namu kuwa kaɗan ne kuma a rufe yake, jiki kuma da ya gan shi a buɗe sai ya ɗauka maƙiyi ya shigo. A 2000 Shizuo Akira da jama'arsa a Japan suka nuna cewa kunne na tara ne ke jin sa. Sai aka ƙera ɗan guntun DNA na roba mai haruffa 22, ba umarnin kome a cikinsa, aikinsa kawai ihu, aka zuba shi tare da rigar yis a madadin alif. Wannan ita ce Heplisav-B. A babban gwajinta, wanda ya ƙunshi manya fiye da 8,000, ta kama 95 cikin 100 alhali tsohuwar ta kama 81, a masu ciwon suga kuwa 90 ne da 65. Sa'an nan allura biyu ce tsakaninsu wata ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san allura ta uku, ta wata na shida, ita ce wadda manya suka fi mantawa.

Duk da haka hukumar magunguna ta Amurka ta mayar da ita sau biyu, a 2013 da 2016, ba ta yarda ba sai a Nuwamba 2017, saboda tsoron kada kururuwar ta yi yawa garkuwa ta juya kan mai ita, da kuma ganin cewa a gwaji ɗaya masu bugun zuciya sun fi yawa a ɓangaren sabuwar. Aka gindaya sharaɗin a ci gaba da bibiya, aka bi mutum kusan 70,000 a kudancin California, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ƙarin bugun zuciya ba. Masu hannun jari sun yi ta gunaguni a kan jinkirin, ni kuwa ina ganin hukumar ta yi daidai, domin magani majiyyaci ake ba, rigakafi kuwa mai lafiya ake yi wa, kuma abin da za a yi wa miliyoyin masu lafiya bai kamata a karɓe shi da zato ba.

Rigar da aka mayar wa hannu

Waɗansu masana kuma ta wajen rigar suka ɓullo. Rigar ƙwayar cutar ta ainihi furotin uku ce, ƙarami da matsakaici da babba, yis kuwa ƙaramin kaɗai ake sa shi ya ɗinka, watau riga ce ba hannu. A tsakiyar shekarun 1980 David Milich ya nuna cewa ɓerayen da gadonsu ya hana su amsa ƙaramin sukan amsa in an haɗa da sauran biyun, saboda faifan da ya kasa ɗaukar wannan ƙyalle yana iya ɗaukar wancan; a 2012 kuma Wenhui Li a Beijing ya gano ƙofar da ke jikin hanta wadda hannun babban furotin ke kamawa ya shiga. An yi allura mai furotin ukun a Isra'ila, cikin ƙwayoyin jikin wani irin ɓera da ake renonsu a tulun masana'anta, ta sami izinin Amurka a 2021 bayan ta kama 91 cikin 100 inda tsohuwar ta kama 76. Kamfanin da ke yin ta ya karye a 2024, aka janye ta daga kasuwar Amurka, ba don an same ta da aibi ba.

Awa ashirin da huɗu

Waɗannan sababbin allurai galibi manya ake yi wa, suna da tsada, kuma ba su ake samu a asibitin unguwa ba. Wannan bai kamata ya karya wa kowa gwiwa ba, domin inda cutar ta fi yin ɓarna nan ne tsohuwar allura mai arha ta fi kamawa. Babban da ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne cutar ke zaunawa a jikinsa. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa 90 cikin 100 ne, shi ne kuma bayan shekara talatin ko arba'in hantarsa ke ƙandarewa ko ta yi daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da cutar a 2022 sun kai miliyan 254, cutar ta kashe miliyan 1.1 a wannan shekara, mafi yawansu kuwa tun suna ƙanana suka same ta, ko daga uwa, ko daga abokan wasa, ko daga askar da ta taɓa jinin wani. Taiwan ta fara yi wa jarirai allura a 1984, lokacin da kusan 10 cikin 100 na yaran birnin Taipei ke ɗauke da cutar. Zuwa 1999 ba su kai 1 cikin 100 ba, dajin hanta a yara ma ya ragu. Gambiya ta fara nata gwajin a 1986, ita ma ta ga kariya mai ɗorewa.

Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004, daga 2012 kuma ta shiga cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma mai haɗe da biyar ba a yin ta ranar haihuwa, akwai wata tilo da aka tanada domin wannan, sharaɗinta kuwa a yi ta cikin awa 24, domin tsere ake yi tsakanin garkuwar jariri da ƙwayar da ta shige shi daga jinin uwa, kowace rana aka jinkirta ƙarfin kariyar yana raguwa. Jaririn da bai kai kilo 2 ba shi ma akan yi masa, sai dai ba a lissafa ta cikin ukun. A nahiyar Afirka, bisa lissafin hukumar na 2022, jarirai 18 cikin 100 kaɗai suka sami wannan allura a kan lokaci. Dalilin a wurinmu ba ɓoyayye ba ne: yawancin haihuwa a karkara a ɗaki ake yin ta, mai jego ba ta fita, jariri ba ya ganin asibiti sai bayan suna in an yi sa'a. Kaka ko gwaggo ko uban da zai naɗe jaririn cikin zane ya kai shi asibiti ranar da aka haife shi ya ƙara wa allurar ƙarfin da babu wani mataimaki da aka ƙera a Montana ko Iowa da zai iya ƙara mata a rana ta takwas.

Saura abu ɗaya game da rigar yis. Da masana suka ga yadda take haɗa kanta dunƙule dunƙule, sai waɗansunsu suka yi tunanin ɗinka mata ƙyallen wata cuta dabam domin jiki ya shaida su tare. A 1987 aka ɗinka mata furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a wani gwaji kuma da aka buga a 1997, da aka haɗa ta da mataimaki mai alif, mutum 1 cikin 8 ta kare, da aka sauya mataimakin da wani mai ɗauke da sinadarin ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile sai ta kare 6 cikin 7. Daga wannan zuriya alluran zazzaɓin cizon sauro suka fito, waɗanda aka fara yi wa yara a Gana a 2019, a Kamaru da Nijar a 2024, a jihar Kebbi kuma a Disambar 2024. Yadda aka yi rigar ciwon hanta ta ɗauki wannan kaya, da dalilin da ya sa kariyarsa ba ta daɗewa kamar tata, shi ne abin da babi na gaba zai yi bayani, in Allah ya yarda.